Ranar Da Na Ce Ban Ga Komai Ba

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin kakar shekarar da na shiga aji huɗu, aka tsayar da ni a tsakiyar maza a ƙofar gidan mai unguwar ƙauyenmu, can yankin Dingaya. Ban taɓa tsayawa gaban dattawa haka ba. A gefe guda ga Malam Jibo, maƙwabcinmu, zaune a ƙasa an ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar shanu, hularsa ta faɗi cikin turɓaya babu wanda ya ɗauka masa. Kusa da shi 'yarsa Hanne ce, ƙawata, tana nuna ni tana cewa a tambaye ni, ai tare muka gani. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Rabi, me kika gani jiya a gonar Alhaji Ado?" Na zuba wa yatsun ƙafata ido, na ce, "Ban ga komai ba."

Ni da Hanne tare muka tashi. Zana ce kawai tsakanin gidanmu da nasu, kuma akwai wata kafa a ƙasanta da awaki suka fasa, ta nan muke miƙa wa juna ƙanzo da ɗanwake. Benci ɗaya muke zama a makaranta, littafinmu na lissafi ɗaya, don nata ya jiƙe da damina. Idan an tashi mu je famfo mu bi layi, mu yi carafke a gindin dalbejiya kafin layi ya zo kanmu. A dandali ita ce mai ba da waƙar gaɗa, ni mai amshi. Iyayenta asalinsu masu shanu ne da suka zauna wuri guda tun zamanin kakanta, Fulatancin ma ya kuɓuce musu sai 'yan kalmomi, amma har lokacin suna da shanu huɗu da ƙaramar gona a bayan gari.

Tun ba mu yi wayo ba, shanun Malam Jibo suka taɓa shiga gonar wani. Aka yi cacar baki, mai gonar ya zagi mahaifiyarsa, shi kuma ya ɗaga sanda ya fasa masa kai. Ya yi 'yan watanni a gidan yari ya dawo. Faɗa ne ya kai shi, ko allura bai taɓa ɗauka ba, amma garinmu bai tsaya bambance wannan ba. Sunansa ya koma Jibo Fursuna. Idan kaza ta ɓata, gidansa ake fara leƙawa. Idan ya zauna a majalisa sai mutane su janye takalmansu kusa da su, wai wasa suke yi. A makaranta kuwa, duk ranar da biron wani ya ɓata jakar Hanne ake fara zazzagewa, ta tsaya tana kallo har a gama, sannan ta tsince kayanta ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ina wurin, ban taɓa ganin abin a matsayin laifi ba. Haka na tarar ana yi.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, Inna ta aike mu roron wake a gonar Baba, wadda take iyaka da ta Alhaji Ado. Alhaji ya yanke riɗinsa, an ɗaure dami-dami an jingina su tsaye suna shan rana, kwanson har ya fara buɗe baki. Maza duk sun tafi masallaci, dajin shiru sai kukan kurciya. Muna duƙe cikin wake muka ji motsi. Da muka ɗaga kai sai ga Yaya Sabo, babban wana, ya shimfiɗa leda yana kifa dammunan riɗin yana kakkaɓewa da sauri. Ya cika buhu, ya mayar da dammunan ya jingina yadda suke, ya ɗora a kekensa ya bi ta bayan gari. Bai gan mu ba. Hanne ta dube ni, na dube ta, muka ci gaba da roro.

Da na koma gida na tarar da buhun a ƙarƙashin gadon Inna, an rufa masa tsohon zane. Na gaya mata abin da na gani tana tankaɗe. Ba ta ko ajiye rariyar ba. Ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan na ji maganar nan a bakinki a waje, sai na yanke miki harshe." Daga nan ta zuba mini fura da nono mai yawa, fiye da yadda ta saba. Na shanye. Har yau ina tuna yadda na shanye furar nan tas.

Washegari Alhaji Ado ya je kakkaɓe riɗinsa ya tarar da rabi fanko. Ba a yi wani dogon bincike ba. 'Yan sintiri suka wuce kai tsaye gidan Malam Jibo, suka sami rabin buhun riɗi a ɗakinsa, wanda ya noma da hannunsa a gonarsa ta bayan gari, kowa kuma ya ga lokacin da yake yanka. Suka ɗaure shi suka kawo shi gaban mai unguwa. A nan Hanne ta kutsa cikin maza ta faɗi sunan Yaya Sabo. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo ya ce 'yar fursuna ce, ƙarya a nono ta sha. Sai ta ce a kira Rabi. Aka kira ni, na faɗi abin da na faɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini. Aka rataya wa Malam Jibo damin riɗi a wuya, aka ce a zaga gari da shi don ya zama darasi. Mu yara aka sa a gaba mu yi masa ature. Manya ba sa jifa da hannunsu, sai su tsaya a bakin zaure suna cewa, "Ku bi shi, yara." Muka bi shi muna tafi muna ihu, wasu na watsa masa ƙasa, wasu kashin awaki. Mata suna leƙe ta saman zana suna dariya. Na hango Yaya Sabo a cikin samari, shi ma yana tafi. Malam Jibo bai yi kuka ba, bai yi rantsuwa ba. Da muka zo daidai ƙofar gidanmu ya tsaya ya dubi Baba ya ce, "Malam, shekara nawa muna maƙwabtaka?" Baba ya sunkuyar da kai ya shige zaure.

Bayan kwana uku Baba ya ga buhun. Ya kira Yaya Sabo cikin turaka ya yi masa faɗa da murya ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su ji. Da la'asar aka ɗora buhun a amalanke, aka lulluɓe shi da harawa aka kai gidan Alhaji Ado. Ni aka sa na bi su na riƙe ƙofar gidan, da kunnena na ji Alhaji yana cewa ai yaro ne, ƙuruciya ce, a rufa wa juna asiri. Mai unguwa ma an je an gaya masa. Aka tura Yaya Sabo wurin kawunmu a Birnin Kudu ya koyi ɗinki, aka ce wa mutane sana'a ya tafi nema. Na yi ta jira in ga ranar da za a tara gari a wanke Malam Jibo kamar yadda aka tara shi aka kunyata shi. Ba a yi ba. Ko rabin buhunsa da aka ƙwace, Alhaji bai mayar masa ba, don mayarwar za ta sa a yi tambaya. Duk waɗanda suka san gaskiya suka ci gaba da tsayawa sahu ɗaya da shi a masallaci, suna ba shi hannu bayan sallama.

Hanne ba ta sake zama a bencinmu ba. Ta koma can baya kusa da taga. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ƙara yi mini magana ba. Da aka gama kai amfanin gona gida, suka kwashe kayansu da shanunsu suka koma wajen danginsu a yankin Kangire. Mutanen gari suka ce Allah ya raka taki gona. Kaji kuma suka ci gaba da ɓata.

Na sake ganinta sau ɗaya, bayan shekaru masu yawa, a layin awon ciki a Birnin Kudu. Ita ta fara gane ni. Muka gaisa, ta tambayi Inna da Baba, na tambayi Baffa, mahaifinta, ta ce ya rasu. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. Ta ce, "Baffa ya ce kada in riƙe ki, ke ma aiko ki aka yi." Aka kira sunanta ta shiga, ban sake ganinta ba.

Yanzu idan an kama wani da sata, waya ake ɗagawa a ɗauke shi a watsa wa duniya, sai in ji tsofaffin garinmu suna cewa da can akwai tarbiyya, gari ɗaya ke hora ɗan kowa. Ina kewar garin nan, ina kewar dandalinsa da ƙamshin sabuwar dawa a kaka, ina ma kewar mutanen, don su suka rene ni. Amma na ga yadda ake horon da idona. Wanda yake da dangi a majalisa an ce masa yaro, wanda ba shi da su an ce masa ɓarawo, kuma da bakin yarinya 'yar shekara goma aka tabbatar da hukuncin. An yafe mini tun ban roƙa ba, ni ce dai har yau ban yafe wa kaina ba.