Masaukin Ruwa a Bayan Gidanmu

Tun ranar da aka shafa wa katangar gidana jan fenti nake yawan tuna Inna Tabawa, kakata ta wajen uba. Ba wai na taɓa mantawa da ita ba ne. Amma a da, in ta faɗo mini a rai, ƙamshin daddawarta nake ji, da yadda take tsokanar mu. Yanzu kuwa tatsuniya ɗaya ce take ta dawo mini, ko ina wanke-wanke, ko ina zaune ina sauraren yayyafi a kan kwano.

A nan Tudun Wada aka haife ni, a gidan ƙasa. Bayan gidan akwai wani ƙaton kududdufi, ramin da mutanen unguwa suka yi ta haƙar ƙasar gini a cikinsa tun kafin a haifi iyayenmu. Da damina duk ruwan lungunanmu can yake gangarawa ya kwanta. Agwagi su yi iyo, masu yaɓe su ɗebi na kwaɓa ƙasa, mu kuma a yi ta ja mana kunne kada mu kusanci bakinsa.

Da damina a ɗakin girki muke taruwa bayan an sauke tuwo, garwashi bai mutu ba. Inna ta jera masara a kai, tana juyawa da yatsu kamar wuta ba ta cin ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, kwaɗi na ta kwakwazo daga bayan gida. Sai ta ce, "Ga wata nan tafe a jiƙe, wa zai matsa mata?" Mu ce, "Mun matsa, ta shigo!" In yayana Sani ya miƙa hannu ga masara kafin ta gasu, ta kwaɗa masa mafici: "Kai mijin banza, da kunne ake jin labari, ba da haƙori ba."

Ta ce a wani gari can da, mutane sun so su gina ɗakuna amma ƙasa ta ƙi kamuwa, ko an cura ta sai ta wargaje. Sai ga wani tsoho baƙo, rigarsa na ɗiga, ya ce shi ne Ruwa. Zai shiga ƙasarsu ta kamu, amma da sharaɗi: duk ramin da suka haƙa don gini, nasa ne. "Ni matafiyi ne," in ji shi, "shekara-shekara nake zuwa. Ku bar mini inda zan sauke kayana." Suka amince. Gari ya ginu. Ruwa ya zo ya sauka a raminsa, ya shayar da dabbobi, in rani ya yi ya kama hanya.

Ana nan sai aka yi wani mai wayo a garin. Ya ce, fili kamar wannan a bar wa baƙon da rabin shekara ba ya nan? Ya sa aka riƙa zuba shara da toka a ramin har ya cika, ya bi da jar ƙasa a sama, ya yayyanka ya sayar wa masu neman wurin zama. Shi kuwa ya tattara nasa ya koma kan tudu.

Ruwa ya dawo ya tarar da ɗakuna a masaukinsa. Bai yi faɗa ba, ya wuce wurin alƙali. A nan Inna takan kumbura kumatu ta yi muryar alƙali: "Kana da shaida?" Ruwa ya ce kwaɗi ne shaidunsa. Aka aika a kira kwaɗi, aka tarar an binne su a ƙarƙashin shara. Alƙali ya ce tunda ba shaida, ya kori ƙara. Ruwa ya naɗe bakin rigarsa ya ce, "Shi ke nan. Ba ni da shaida, amma ban manta hanya ba." Ya bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kwanta a kan tabarmi, ya jingina da bango har bango ya gaji ya zube.

Na ce, "Inna, to me ya hana shi zuwa gidan mai wayon? Ai shi ya yi laifin."

Ta ce, "Asabe uwar tambaya! Kin taɓa ganin ruwa ya hau tudu da ƙafarsa? Wanda ya tarar a ɗakinsa, shi yake kamawa."

Na ce ai ba a yi adalci ba. Ta ce, "Ni na ce miki an yi? Ci masararki kafin ta huce." Haka take rufe ta, ba ta ƙara ko kalma.

Aure ya kai ni Gyallesu. Ni da mijina Malam Isa, tela ne a wajen unguwar Kongo, muka yi ta yawon gidajen haya. Inna ta rasu, aka sayar da gidanmu aka raba gado, unguwar ta cika ta batse. Yara sun fara tasawa sai Malam ya shigo wata rana yana fara'a, wai ya samo mana fili a Tudun Wada. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun sa. Na je gani ban gane wurin ba, ko'ina bulo da kwano. Sai ranar da ake haƙa harsashin gini na ga abin da shebur ke fitarwa: baƙar ƙasa mai wari, fasassun tukwane, tsofaffin takalman roba, toka.

Na ce, "Malam, nan fa kududdufin bayan gidanmu ne."

Ya yi dariya. "To sai me? Duk layin nan a kansa suke zaune. Tatsuniyar kakarki ce za ta hana ki barin gidan haya?"

Na haƙura, don ni ma na gaji da ɗaure kaya duk lokacin da mai gida ya sauya fuska.

Mun daɗe muna zaune lafiya, in ban da ɗan danshi a gindin bango. Malam ya rasu a ɗakin da ya gina, Allah Ya jiƙansa, bai ga abin da ya biyo baya ba. Damina ta sauya hali. Sai ta yi jinkiri har a fita roƙon ruwa, sannan ta zo ta juye shi gaba ɗaya a yini guda. Bara ruwa ya shigo mana har gwiwa, randata ta tashi tana yawo a tsakar gida. Maƙwabciyata Maman Hafsa bango ya faɗo mata, ta karye a ƙugu, har yau ba ta miƙe ba.

Bana kuma sai ga ma'aikatan tsara gari da gwangwanin fenti. Wanda ya yi mini bayani bai kai ɗana na fari shekaru ba, kuma yana da ladabi. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Doka ta hana gini a hanyar ruwa. Layin nan duka za a cire a buɗe wa ruwa wurinsa, in ba haka ba unguwar gaba ɗaya za ta nutse."

Na ce, "Ɗana, dokar nan yaushe aka haife ta? Lokacin da motoci ke juye shara a nan, ita dokar ta tafi unguwa ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana nan, Mama. Ba a dai bi ta ba ne."

"Wanda ya yanka ya sayar mana fa? An je an shafa wa tasa katangar?"

"Ai shi gidansa ba a hanyar ruwa yake ba."

Wallahi saura kaɗan in yi dariya. Na tambaye shi ina za mu koma, ni da surukata da jikoki. Ya ce wannan ba daga ofishinsu ba ne. An dai ba mu zuwa ƙarshen damina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zan iya ce wa yaron nan ƙarya yake ba. Na ga ƙugun Maman Hafsa. Ina ƙarama Ruwa nake tausaya wa, ina jin haushin alƙalin da ya kore shi. To ga shi yau alƙali ya farka ya ba shi gaskiyarsa, sai dai a kaina za a biya shi. Mutanen da suka sayi ɗakunan nan kuwa, Inna ba ta ko raɗa musu suna ba, ni ma ban taɓa tambayar ta su ba. Ashe su ne mu.

Shekaranjiya bayan magariba ina gasa masara, jikata Ummi ta dame ni sai na yi mata tatsuniya. Na yi mata wannan. Da na kai ƙarshe ta ce, "Kaka, su mutanen ina suka koma?"

Na cire masara daga garwashi na miƙa mata. Na ce, "Ci masararki kafin ta huce."

Sai muka ji kuka daga ruwan da ya kwanta a gindin katanga, daidai ƙarƙashin jan fentin. Ɗaya ya fara, wani ya amsa, can lungu ya ɗauka. Tun da muka tare a gidan nan ban taɓa jin su ba.

Ummi ta matso jikina. "Kaka, mene ne wannan?"

Na ce, "Shaidu ne, 'yar nan. Sun iso."