Alhaji Mai Fassarar 'Yan Daban Japan

A ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, ba a kallon fim sai da fassarar Alhaji. Mu huɗu ne, kowa na jin Turanci, har da mai digiri biyu, amma Alhaji ya yanko kwali ya manne gindin talabijin da salatif don kada rubutun ƙasa ya riga shi magana. Akanta ne a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, ya ba hamsin baya, shi ya kama ɗakin, shi ya kawo kowannenmu. To wa zai ce masa a'a?

Abin ƙaunarsa wani tsohon fim ne na 'yan daban Japan, ƙarti cikin kwat, zane a fata har gadon baya, fuska kullum a murtuke. Alhaji bai san ko "sannu" da Japananci ba. Ubangidan daba zai yi gurnani ɗaya, sai Alhaji ya ce, "Ya ce ubanka ne ya saya maka motar?" Yaron ya sunkuyar da kai: "Ya ce tuba nake, ranka ya daɗe, sharrin shaiɗan ne." Duk kallo labarin sai ya canza, amma darasin ɗaya ne: maci amana ba ya gamawa lafiya. Kuma da gaske yake. Wani da ya taɓa tashi daga ɗakin ba sallama, har yau ko a masallaci suka haɗu Alhaji sai ya kau da kai.

Ana nan sai otal ɗin da ɗayanmu, ɗan Kumasi, ke wa aiki ya ba shi makwanci a unguwar Satwa, dab da wurin aikin, ya huta da bin motar asuba. Ɗan Kumasi shi ne mai girkinmu, kuma ɗan lelen Alhaji. "Baaba" yake kiransa. Ya gaya mana mu biyu, amma ya kasa tunkarar Alhaji, don ya san zai iya rasa shi har abada. Sai ya shiga kwashe kayansa kaɗan-kaɗan a leda, kamar ɓera. Ni kuwa, tsakani da Allah, cikina nake wa kuka, don na san tuwon Alhaji.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka sa fim. Aka zo inda aka gurfanar da yaron da ya koma wa abokan gaba. Ubangida ya yi gurnani, Alhaji ya tare shi.

"Ya ce kai yaro, kana tsammani ban ga takalmanka sun ragu a bakin ƙofa ba?"

Na ƙware da shayi. Mai digiri biyu ya hau duba wayarsa.

"Ya ce ludayin miya ma ya yi ƙafa. Ya ce ni za a mayar sakarai a gidana?"

A talabijin yaron ya kifa goshi a ƙasa yana ta surutu. Tun da nake ban taɓa ganin Bajapane ya yi magana Alhaji bai tare shi ba sai ran nan.

"Wannan ban ji shi sosai ba," in ji Alhaji. "Kai ɗan Kumasi, fassara mana."

Bawan Allah ya dubi talabijin. "Ya ce... ya ce Baaba, motan asuba ya kashe ni. Ya ce wallahi kunya ne ya hana ni faɗi."

Ubangidan ya miƙe, ya zaro wuƙa mai tsawon kamu guda, ya burma wa yaron a ciki. Jini har bango. Tausayi ya kama ni, ba na Bajapanen ba. Alhaji bai ɗauke ido daga talabijin ba.

"Ya ce yalla, je ka, Allah ya yi maka albarka. Ya ce ranar hutu ka riƙa leƙo tsoho."

Ɗan Kumasi ya fashe da kuka, ƙato da shi, har da majina.

"Kai, yi mana shiru," in ji Alhaji, yana goge ido da hannun riga. "Mutum yana mutuwa kana hana mu ji."