Tsohon Direba da Jerin Wurare Ashirin

Mai shagon buga takardu ba ta san sunansa ba. Dattijo ne dogo, damtsensa na hagu ya fi na dama duhu, irin na wanda ya shekara da shekaru yana ɗora shi a tagar mota. Yana zaune a benci da taswirar wata ƙasa a cinya, hannun hagunsa yana kwaikwayon sa giyar mota a iska. Can, in ji shi, ta ɗaya hannun ake tuƙi, kuma bai taɓa ƙetare teku ba.

Ɗansa da ke aiki can ya yi masa alkawarin mota ta kwana tara idan ya je ziyara, ya turo jerin wurare ashirin na yawon buɗe ido. Dattijon yana bin su da biro. Ya soke gidajen tarihi duka, ya bar bakin teku, da dutse mai ƙanƙara, da gonar furanni.

"Baba, ai kun soke masu daɗin," in ji ta.

"Ƙananan abubuwa ne a cikin gilashi, 'yata. Mai ɗakina ba za ta gan su ba. Idonta kullum raguwa yake."

Mai shagon tana zaton matar ta daɗe tana jin labarin garuruwa a bakinsa, ba ta ga ko ɗaya ba.

Ya miƙo takardar. "Ki ƙara wa rubutun girma, ita za ta riƙe. Shekara talatin ina tsayawa inda mai kaya ya ce. Wannan karon ita za ta ce."