Labulen da Na Rataya wa Masu Wucewa

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma wadda har yau in na tuna nake sunkuyar da kai ita ce ta taga. Da hankalina, da gemuna, da 'ya'ya a gabana, na sa aka fasa lafiyayyen bangon ɗakina. Ba zafi ne ya dame ni ba. Taubashina ne ya yi tagar da ta fi ƙofar ɗakina faɗi, ni kuwa abin ya tsaya mini a maƙogwaro.

Shi ɗan kawuna ne. Tare muka tashi a Gwaram, tare muka yi kiwon awaki, tare aka kore mu daga ajin yaƙi da jahilci saboda surutu. In ma akwai wanda ya fi wani kai a cikinmu, to ni ne, don na iya rubuta sunana, ko da yake malamin ya ce kamar kaza ta yi tono. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasa, sai Allah ya haɗa shi da masu aikin titi yana kai musu yashi. Kafin ka ce kwabo ya sayi tifa, ya koma Birnin Kudu, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, yana washe baki ko ba a yi abin dariya ba. Ni kuwa ina nan ina facin keke a bakin kasuwa, damina ta faɗi in koma gona.

Da ya gama gidansa na bulo sai ya aiko in je in sa albarka. Ya shigar da ni falo. Tagar nan ta tashi daga ƙuguna har kusa da rufi, in na ware hannuwana ba na taɓa gefe da gefe, duk gilashi. A jikinta ga labulen karammiski ja, mai nauyi, ya zubo har ƙasa yana sheƙi. Ya ja wata igiya, labulen ya rabu biyu da kansa.

Ya ce, "Bawana, taɓa mana, ba ya cizo. Amma goge hannunka tukuna, na ga baƙin mai."

Na ce, "Wannan ai bargo ne ka rataye. Bangon ne ke jin sanyi?"

Muka yi dariya, don haka muka saba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Amma tawa dariyar iyakarta haƙora. Da na koma gida, tuwon ranar ma da ƙyar na kai loma uku.

Tagoginmu na da, kamar faifai suke, can sama kusa da azara, inda ko doguwar mace ba ta leƙawa. In sanyi ya zo a cusa tsumma, shi ke nan. Ɗakina kuwa bayansa ne ke kan hanyar da ta shigo gari ta wuce kasuwa. Nan na nuna wa magini na ce ya fasa.

Ya ce, "Gabas fa ce, malam. Ta nan ruwa ke dukan gini."

Na ce, "Ruwa ai ba kullum ba, mutane kuwa kullum suna wucewa."

Ya girgiza kai ya ɗauki diga. Aka gitta azara a sama, kafinta ya yi marfin katako mai ɓari biyu. Gilashi na ce sai an sayar da gyaɗa, gyaɗar da har yau ba a sayar ba.

Kwana ɗaya kawai na gane abin da na jawo. Duk wanda ya bi hanyar sai ya ga gadona, ya ga kwanon da na ci abinci ban ɗauke ba. Masu zuwa kasuwa suka daina zagayawa zaure, ta taga suke yi mini barka da asuba. Har akuyar maƙwabci ta ɗora ƙafafu ta leƙo.

Maiɗakina ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Malam, ka mayar da mu rumfar kasuwa. Wallahi ko shara ba zan shiga yi ba sai ka rufe wannan ƙofar da kake kira taga."

Ita asabari ta so. Ta ce iska na ratsa shi, kana ganin na waje ba ya ganinka, ruwa ya doke shi ya bushe, in kana so ka naɗe sama. Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya ƙara ba ni haushi. Na ce asabari kowace rumfar mai tsire tana da shi. Tsohuwata ta ce a kafa zana daga waje, na ce to me na fasa bangon ya yi? Aka ce alawayyo, na ce ba likkafani nake nema ba. Aka ce atamfa, maiɗakina ta ce sai gari ya ɗauka zanenta na shanya. Ina jin su ne kawai. Tun a falon nan na riga na zaɓa.

Na tafi kasuwar Birnin Kudu, na bi ta bayan gari don kada in gifta ƙofar gidan Alhajin. Mai yadi ya ce irin mai nauyin nan sai Kano, amma ga ƙanensa. Ya warware mini wani karammiski mara kauri, gabansa ja wur yana ɗaukar ido, bayansa kuwa fari-fari, kaushi kamar buhun gero. Na ce jan nan ya fi na taubashina ja? Ya ce bai san taubashina ba, amma ya fi. Na saya. Tela ya kalmashe bakinsa, ya bar hanyar zura sanda.

Ranar ratayawa na hau turmi, maiɗakina na riƙe da shi kada in faɗo. Na zura sandar, na mai da jan yana kallon hanya.

Ta ce, "Malam, ka juya shi fa."

Na ce, "Na sani."

"To mu da ke ciki fa, me za mu kalla?"

"Ku ai kun san nawa ne."

Ta saki turmin ta fice, saura kaɗan in karya ƙugu.

Daga ranar na sami sabuwar sana'a. In na tashi daga faci sai in tsallaka hanya, in zauna a bencin mai tireda ina kallon tagata kamar ta wani. Wani baƙo ya taɓa tambaya ko gidan ma'aikacin gwamnati ne, ranar har goro na saya masa. Marfin katakon kuwa na hana a rufe da rana, don in an rufe wa zai ga labule? Haka hadarin farko ya taso ina gona, ruwa ya shigo ya jiƙa shi sharkaf, jar ƙasar bango ta narke ta bi bayansa ta yi masa zane-zane. Na wanke, ta ƙi fita. Ban damu ba, tunda daga bencin mai tireda ba a gani.

Abu ɗaya ya rage mini, wanda na yi dominsa bai gani ba. Na aika masa gaisuwa ta bakin direbobi har na gaji, ina cewa ya manta da dangi. Rannan sai aka yi haihuwa a gidan kawu, na tabbata zai zo suna. Hanyar da mota ke bi kuwa dole ta gaban tagata. Tun da safe na kakkaɓe labulen, na gyara masa zubi, na sa rigata ta salla na zauna a bencin ina jiran farar motarsa. Har na tsara yadda zan yi kamar ban gan shi ba, sai ya rage gudu.

Ashe ruwan daren jiya ya cinye hanyar daga bakin gari. Can ya bar motar, ya ratso lungu da ƙafa ta yamma. Ina zaune sai ɗana ya zo da gudu wai ga Alhaji a zaure yana sallama.

Na tarye shi na kama hannunsa. "Zo mu zagaya waje mu sha iska."

Ya ce, "Da tsakar ranar nan? Kai ni inuwa, ƙafata duk taɓo."

Ba yadda na iya, na shigar da shi ɗaki. Ya zauna a tabarma, fuskarsa na kallon bayan labulen, ga kalmasar tela da zare na reto, ga sawun jar ƙasa tun daga sama har ƙasa. Maiɗakina ta kawo fura ta gaishe shi, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa na shirya. Na san zai yi tsiya, kuma na tanadi amsa a kan haƙorinsa da tumbinsa.

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon abin, ya dubi bangon da ya fara zaizayewa a ƙasan tagar, sannan ya dube ni. Ko bawan da ya saba kirana bai kira ba. Duk tsawon zamanmu ban taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba, amma wadda ya faɗa mini a ranar nan, har ya bar duniya ban samo abin da zan mayar masa ba.

Ya ajiye ludayi ya ce, a hankali, "Haba ɗan'uwa, ai da ka faɗa mini. Nawa na falo za a canza kafin salla. In an cire zan aiko maka da shi."