Ɗakuna Huɗu a Cikin Audi Mahauci

Duk wanda ya zauna Agege bayan yaƙin Bama ya san Audi mahauci, in ba don namansa ba, to don tafiyarsa. A karkace yake tafiya, hannu ɗaya dafe da mara, saboda ƙaba da ta daɗe tana kumbura masa. Kowa ya san ana yi wa ƙaba aiki a asibitin Ikko mutum ya warke, kuma kowa ya san wanda ya bar ta tana iya kai shi kabari. Audi ma ya sani. Abin da ya hana shi zuwa kawai, ilimi ne ya yi masa yawa.

Daga Kano ya zo yana saurayi, cikin taragon shanu, yana tsaron dabbobin wani falke kada wata ta faɗi sauran su tattake ta. Da jirgi ya sauke su bai koma ba. Ya shiga fawa, ya shige ta da tambaya. Sauran mahauta in sun feɗe saniya hankalinsu na kan tsoka. Audi kuwa sai ya tsuguna yana jujjuya kayan ciki, yana son sanin ta ina ciyawa take bi, kuma me saifa take yi a wurin da ba wanda ya aike ta. Da a nan ya tsaya, da ba laifi. Amma ya lura tumbin saniya ɗaki huɗu ne, nan take ya yanke cewa Allah ba zai ba dabba huɗu ya bar ɗan Adam mai daraja da guda ba.

Shi ke nan, Agege ta samu likita. Mai sayen nama na yin gyatsa, Audi zai ajiye wuƙa ya ce, "Ɗakinka na uku ne ya toshe." Maganin kuwa ɗaya ne, wanda ake ɗura wa saniyar da cikinta ya kumbura a jirgi, wato jiƙon kanwa. Ciwon kai, kanwa. Ciwon haƙori ma kanwa, don ai haƙori ƙofar ɗakin farko ne. Har matan Yarabawa masu sarin hanji sun koyi haɗiye gyatsa a gaban teburinsa.

Wata shekara cikin matarsa Batulu ya taso. Audi ya ƙwanƙwasa shi da yatsa yadda yake yi wa shanu, ya kara kunne, ya ce iska ce. Batulu takan karɓi ƙwaryar kanwa da ladabi, ta zubar a bayan ɗaki. Da lokaci ya yi iskar ta fito da kuka, aka raɗa mata suna Rabi.

Maƙwabcinsa Shitu, mai sayar da fatu, haifaffen Ikko ne, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Shi ne ya fi damunsa da maganar asibiti.

"Audi, kai da ka san ciki, tsoron me kake ji?"

"Sanin ne ya jawo. Tun ina da gashi a ka nake buɗe ciki, Shitu. Ka taɓa ganin wadda na buɗe ta miƙe ta ci ciyawa?"

"To ai kai yanka su kake fara yi."

"Shi likitan wa ya san abin da yake fara yi? An ce kwantar da mutum suke yi. Ni ma ai kwantar da su nake yi."

Ana nan, wata safiya ya ɗaga cinyar bijimi zai rataya, sai ya zube. Kumburin ya yi tauri kamar dutse, ya ƙi komawa, ga amai. Aka kai shi gida yana nishi yana kiran a jiƙo kanwa. Batulu ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Malam, kanwar nan taka ni ko sau ɗaya ban sha ba, ga Rabi nan tana tsalle. Ko ka shiga jirgi da ƙafarka, ko abokan fawarka su saɓa ka yadda suke saɓa cinya."

Saɓa shi aka yi.

A asibiti, likitan wani Bayarabe ne mai tabarau, Shitu ya zama tafinta. Audi na kwance gumi na zuba, amma bai fasa koyarwa ba. Ya ce a gaya wa Oga likita ya juya shi gabas, ya yi bismillah, ya kawo masa wuƙar ya gwada kaifinta a farce. Ya yi hankali da matsarmama, in ta fashe komai ya ɓaci. Ɗaki na uku kuma kada ya taɓa, shi da kansa yake lura da shi.

Shitu ya juya ga likita ya ce da Yarabanci, "Wai ya gode."

Da Audi ya farka, ya daɗe yana shafa jikinsa yana ƙirga gaɓoɓi, don ya san halin masu wuƙa, ba sa rasa ɗan abin kaiwa gida. Ya tarar komai na nan. Likita na zuwa zagaye, Audi ya sa Shitu ya tambaye shi ɗaki nawa ya gani a ciki. Likita ya yi dariya, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ba laifinsa ba ne," in ji Audi. "Ta ƙasa ya shiga. Zaure kawai ya gani."

Ya dawo Agege yana tafiya a miƙe, mata na guɗa. Abu ɗaya ya yarda ya ƙaru da shi, cewa ana iya buɗe mai rai ya tashi. Ya kuma duba ɗinkin da kyau, ya ce ba wani abu ba ne, ko baduku zai yi wanda ya fi shi, yankan ma ya karkace. Daga ranar ya daina ba da kanwa. In mutum ya dafa ciki a gabansa, sai ya zuba wa wurin ido, yana wasa wuƙa a hankali, ya ce, "Wahalar jirgin ta mece ce? Ai na ga yadda ake yi."

Audi ya tsufa ƙwarai kafin ya rasu, kuma a duk shekarun nan ba a ƙara jin wani ya yi ciwon ciki a layin mahauta ba. Masu ciwon kai ma ta bayan masallaci suke zagayawa.