Maƙeri Mai Hannu Ɗaya

Wani ɗan Filifin ne ya bar mini littafin. Mun yi shekara biyu tare a wani shagon turare da darduma a unguwar Dira, cikin Riyad, ranar da zai koma gida jakarsa ta yi nauyi, sai ya zaro shi ya miƙo mini. Da Turanci aka rubuta shi, bangonsa ya rabu, shafinsa ya haura ɗari uku. Dokokin wani wasa ne da ake yi a zaune. Kowa zai ƙirƙiri mutum ɗaya a takarda, ya ba shi asali da sana'a da hali, sannan a sa su cikin wata duniya ta dodanni da tsofaffin birane. Mutum ɗaya ne yake riƙe littafin, shi ke ba da labari, shi ke yanke abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Ni na riƙe, don na fi sauran Turanci. Kuma in faɗi gaskiya, tun ina yaro nake jin daɗin a tambaye ni in ce a'a.

Mu huɗu ne, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ɗakina na unguwar Suwaidi. Da ni, da wani direban gida mutumin Damagaram, da wani ɗalibin jami'a mai karatun fiƙihu, sai Yaya. Ba uwa ɗaya muke ba, unguwa ce ta haɗa mu a gida. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya tarbe ni ranar da na sauka Riyad, shi ya koya mini yadda ake magana da kafili, wato mutumin da takardar zamanka take ƙarƙashin sunansa. Mai walda ne a wata warsha, wato wurin aikin ƙarfe, a unguwar Gubaira, shekara goma sha tara yana ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe. Su ukun Alƙali suke ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

Littafin ya ce a riƙa jefa ɗan lido a ga ko abin da mutuminka ya yi niyya zai yi nasara. Ɗalibi ya ce shi kam bai yarda ba, malamai sun yi magana a kan ɗan lido. Sai muka samo ƙwallon dabino ashirin, muka rubuta musu lamba, muka zuba a wata tsohuwar hular Yaya, kowa ya zura hannu ya zaro. Direba ya ce, "Malam, wannan ai an gudu ne ba a tsira ba." Ɗalibi ya yi kamar bai ji ba, haka muka ci gaba.

Abin da ban sani ba a lokacin, ko in ce abin da na ƙi gani, shi ne hannun daman Yaya yana mutuwa a hankali. Yatsu suka fara yi masa nauyi, daga baya riƙo ya fara gagararsa. Yana ɓoyewa a warsha, don ya san mai walda marar hannu ba a sabunta masa iƙama, wato takardar zama, ga 'ya'ya biyar a gida duk a makaranta. Zamansa a ƙasar nan gaba ɗaya a kan hannun nan yake.

Ranar da ya fara zura hagu cikin hula, ni na fara magana. Na ce, "Haba Yaya, da hagu? Kai da ka taɓa yi mini faɗa a gaban mutane don na miƙa wa dattijo shayi da hagu?" Aka yi dariya. Ya ce hannun ne ya gaji da aiki. Bayan mako biyu da aka ajiye farantin kabsa, shinkafa da naman nan ta Larabawa, ya ce ya ci abinci a hanya. Mutumin da in an ajiye kabsa sai mun yi da gaske muke samun nama. Na ce masa ko ya fara rowar ciki ne don ya koma gida da kyan jiki. Ina ganin na iya tsokana.

A wannan lokacin muka gama labari ɗaya za mu shiga sabo, kowa zai gina sabon mutum. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ana ba ka maki ashirin da biyar ka raba tsakanin ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da farin jini. In kana son ƙari, sai ka ɗora wa mutuminka wata tawaya, a biya ka da maki. Ɗalibi ya gina mai magani. Direba ya gina ɓarawon raƙuma mai daɗin baki, ya zuba rabin makinsa a farin jini. Yaya kuwa kullum ƙato yake ginawa, mai gatari, wanda ba ya tambaya sai ya gama duka. Ran nan ya daɗe yana kallon takardarsa.

Ya ce, "Alƙali, buɗe littafinka. Mutum mai hannu ɗaya, nawa ake ƙara masa?"

Na duba. Na ce, "Maki uku."

"To ba ni su. Maƙeri nake so."

Na juya shafi, na sa yatsa a kan layin, na fassara masa a hankali kamar mai karanta hukunci. Mai hannu ɗaya ba ya ɗaukar makami mai hannu biyu, ba ya harba baka, ba ya zaɓar sana'ar da take bukatar hannu biyu. Sun ma jero sana'o'in, ƙira ce ta farko.

Ya ce, "Shekara talatin ya yi yana ƙira kafin hannun ya tafi. Abin da ya sani ya tafi ne tare da hannun?"

Na ce, "Sanin yana nan. Amma in masaba tana hannu, wa zai riƙe awartaki?"

"Zai nemo dabara. Zan zuba makin duka a basira."

"Ko ka zuba ashirin da takwas ɗin duka, Yaya, doka ba ta ce sai in yana da basira ba. Cewa ta yi ba ya yiwuwa. Halas, magana ta ƙare."

Juma'a uku muka yi a kan maganar nan. A ta biyu ya zo da wani guntun kwali a aljihu. Ya zana wani matsi na ƙarfe da za a kafa a gefen uwar maƙera, ana taka shi da ƙafa ya damƙe ƙarfen, gwiwa kuma tana tura zugazugi. Ya yi mana bayani dalla-dalla, idonsa yana haske, har da inda za a sa ƙusa. Layukan zanen duk sun karkace. Na ce, "Yaya, wannan zane ne ko kaza ce ta yi tono?" Da hagu ya zana shi. Wannan magana tana cikin abubuwan da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ɗalibi ya sa baki. Ya ce, "Alƙali, ko addini ya yi rangwame ga mai lalura. Wanda ya kasa tsayuwa ai a zaune yake salla." Direba ya ce, "Wallahi ka bar shi, mafi mushkila in ji Larabawa, ba matsala, wasa ne fa." Ni kuwa da na ga sun haɗu a kaina sai na ƙara taurin kai. Na ce in na buɗe wa mutum ɗaya ƙofa yau, gobe direba zai ce raƙuminsa yana da fiffike. A Juma'a ta uku na yanke hukunci. Ko dai maƙeri mai hannu biyu, ko kuma mai hannu ɗaya wanda ya taɓa yin ƙira ya daina. A rubuta masa tsohon maƙeri.

Yaya ya maimaita, "Tsohon maƙeri." Sai ya turo mini takardar ya ce, "To. Kai rubuta, rubutunka ya fi kyau." Na karɓa na rubuta, har ina jin daɗin yabon.

Mako biyu ya yi wasa da mutumin. Duk inda labari ya nufa, ya ce nasa ba zai je ba, yana cikin gari zaune a bakin maƙerar wani yana kallo. Na yi ta turo masa dodanni har ƙofar gari don ya tashi. Ya ce a bar su su shigo.

Wata Talata da hantsi ina shago direba ya kira ni. Wata ƙofa ta kuɓuce wa Yaya a warsha, ba ta ji wa kowa ciwo ba, amma a gaban kafili ta faɗi. Kafilin ya kai shi asibiti da kansa, likita ya ce jijiya ce, kuma ta riga ta yi nisa. Ba zan ce kafilin ya yi mugunta ba, ya sallame shi da mutunci. Amma takardar fita ta ƙarshe ya buga masa, wadda ba a dawowa.

Muka je Gubaira haɗa kaya. Ni na ɗaure jakar, don shi ba ya iyawa. A nan na fara kallon hannun da kyau. Ya rame, tsakanin babban yatsa da manuni ya zama rami. Da muka fito waje na tambayi direba tun yaushe ya sani. Ya ce, "Tun ranar da ya zura hagu a hula. Malam ma ya sani. Kowa ya sani ban da kai, Alƙali. Mu shi muke kallo, kai littafi kake kallo."

Ga abin da ban faɗa musu ba, sai yanzu. A shafi na biyu na littafin, kafin a shiga kowace doka, an rubuta cewa mai riƙe da littafi yana da ikon ajiye duk dokar da ya ga tana hana mutanensa jin daɗin wasa. Na karanta wannan tun ranar farko. Na fassara musu shafi ɗari uku, wannan layin kaɗai na tsallake, don na san in suka ji shi, a'a tawa ta rage nauyi.

Sai da ya yi wata huɗu a gida na iya kiransa a kan maganar. Bayan la'asar ne, ina jin hayaniyar yara a bayansa. Muka gaisa, na tambayi iyali da jiki. Sannan na ce, "Yaya, na sake duba littafin nan. Maƙerinka ya halatta. Ni ne na yi kuskure."

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta dā. Ya ce, "A'a, Alƙali, littafinka bai yi ƙarya ba. Na gwada." Ashe ya kai kwalin nan maƙerar wani ɗan uwansa, sun haɗa matsin kamar yadda ya zana. Yana damƙewa sosai. Amma kafin ya saki ƙafa ya juya ƙarfen ya sake ɗaukar masaba, ƙarfen ya huce. Kwana tara ya yi bai fitar da fartanya ɗaya ba, ya haƙura.

Na ce Allah ya ba da lafiya.

Ya ce, "Amin. Ni fa ba gaskiya na je nema wurinka ba. Wannan likita ma ya gaya mini, kuma kafin likita ni na sani. So na yi ko ranar Juma'a kaɗai in zama maƙeri."

Bayan mun yi sallama na ɗauko takardar mutuminsa, wadda na rubuta da hannuna, na soke kalmar tsohon. Tana nan cikin littafin, a shafi na biyu na ajiye ta. Hular ya bar mana, har yanzu da ita muke wasa mu uku, amma ba wanda ya sake zaro ƙwallon dabino da sunan maƙerin.