Wasiƙata ta farko, zuwa ga mahauci

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: kwana tara ke nan ina ɓoye wata wasiƙa cikin littafin soyayyar da nake karantawa. Na kasa miƙawa, na kasa yagawa.

Yau Inna ta tsince ta wajen shara.

"Ke ɗiyar ga, wagga takarda ta wane yaro ta?"

"Wane yaro kuma, Inna? Ta Baba mahauci ta."

Maƙwabcinmu ne a nan Gummi. Da tsofaffin tayoyi yake babbake kawunan shanu bayan katangarmu, baƙin hayaƙin kuwa ɗakin Inna yake shiga. A wasiƙar na roƙe shi ya koma itace, na ce a rediyo na ji akwai masu karɓar tayoyin su dafa a rufaffiyar tukunya su fitar da mai. Ni da ko gaishe shi kaina a ƙasa nake yi!

Inna ta fashe da dariya. Dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har ta dafa bango.

Na ɗauko hijabina. Yanzu zan kai masa. Ku da kuka iya magana da manya, bayan sallama me ake fara cewa?